Sulhun da Ciniki Ya Kawo, Sulhu Ne Ko Dabara?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya rarraba arziki a bayan ƙasa, Ya ba wannan al'umma hatsi, Ya ba waccan dabbobi, don kada ɗaya ta ce ta wadatu ga barin ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata tambaya da takan taso duk lokacin da ƙasashe biyu suka ɓata sa'an nan suka shirya. In ƙasa ta yi faɗa da wadda ta fi yin ciniki da ita, kasuwa ta mutu, abinci ya yi tsada, sa'an nan shugabanni suka komo suka gaisa, me za a kira wannan? Waɗansu sun ce ba sulhu ba ne, ciki ne ya yi magana, kuma wanda ya sauko ya sayar da mutuncinsa da kuɗin kwastan. Maganar tana da nauyi, bai kamata a yar da ita ba tun ba a auna ta ba. Abin da ya gudana tsakanin Nijeriya da Nijar ya isa ma'auni.

Ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja, suka sa wa Nijar takunkumi, suka ba sojoji wa'adin mako guda su mai da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. To, Nijar ba ta da bakin teku, kuma a maƙwabtanta babu kasuwar da ta kai Nijeriya. Shanu da tumaki da wake da albasar Galmi kudu suke nufa, masara da kayan masarufi kuwa arewa. Da aka datse hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni, da ta Jibiya zuwa Maraɗi, da ta Kamba zuwa Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa a cikinsu.

Wanda ya yi juyin mulki bai kwana da yunwa ba, wanda ya sa hannu a takardar takunkumi shi ma haka. Mai ɗaukar kaya a tasha, da matar da ke sayar da tuwo ga direbobi, da majinyacin da wuta ta ɗauke masa a asibiti, su ne suka biya bashin da ba su ci ba. Ba kuwa sabon abu ba ne, gama da aka rufe iyakar nan daga 1984 zuwa 1986, a tsakiyar fari, mutanen Nijar da yawa suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin, suna ce mata El-Buhari.

Tarihin Musulunci ya san takunkumi tun daga farkonsa, kuma ya san shi ta fuska biyu. Kuraishawa sun ƙaurace wa Banu Hashim wajen shekara uku, ba saye ba sayarwa ba auratayya, har ana jin kukan yara saboda yunwa daga bayan kwarin da aka tsare su. Waɗanda suka tashi suka karya wannan yarjejeniya, irin su Hishamu ɗan Amru da Muɗ'imu ɗan Adiyyu, ba Musulmi ba ne a lokacin, kunya da zumunta ne suka motsa su. Sa'an nan zamani ya juya. Sumamatu ɗan Usalu, shugaba a Yamama, ya musulunta, ya rantse ƙwayar alkama ba za ta sake zuwa Makka daga ƙasarsa ba sai da iznin Annabi. Makka kwari ce marar shuka, da fatauci take rayuwa. Da abin ya tsananta sai Kuraishawa suka aika Madina suna roƙo da girman zumunta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Sumamatu ya saki hanyar abinci. Mai karatu ya lura, mutanen nan su ne suka yi masa takunkumin farko, ba su kuwa tuba ba a ranar, ba su bar gaba ba. Yunwa ce kaɗai ta sa su rubuta wasiƙa, amma ba a ce musu sai sun gyara niyya tukuna ba.

Nan amsar kashin farko na tambayar take. Bukata ba aibi ba ce ga sulhu, ita ce ƙofar da sulhu ya fi shigowa ta cikinta. Da a ce sai zukata sun yi fari sa'an nan za a buɗe hanya, da babu iyakar da za ta buɗu a duniya. Alƙali ma in ya sasanta masu jayayya a kan gona, abin da suka yarda da shi a baki yake rubutawa, ba ya tsaga ƙirjinsu ya duba.

Saura batun mutunci, wanda ya fi wuya, domin shugaba ya fi tsoron a ce ya ji tsoro bisa ga a ce ya yi kuskure. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta laƙabin manzanci a takardar sulhu, aka kuwa share shi, Musulmi suka koma ba su yi umra ba a shekarar. Abin ya yi wa sahabbai zafi ƙwarai, har Sayyidina Umaru ya kasa yin shiru. Abin da aka bari a ranar lafazi ne da jinkirin shekara guda, abin da aka samu kuwa hanya ce buɗaɗɗiya da mutane suka riƙa cuɗanya a kanta. Da wannan ma'auni, ran 24 ga Fabrairu, 2024, da ECOWAS ta janye yawancin takunkuminta bisa dalilin jin ƙai, ana gab da azumi, bayan Janar Yakubu Gowon ya yi kira a yi haka, ba a zubar da girman kowa ba. Nijeriya ta ba da umurnin buɗe iyaka da mai da wuta ran 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren bayan 'yan kwanaki. Abin zargi a nan shi ne watanni bakwai da aka yi kafin a kai ga haka.

Ya kamata a ambaci waɗanda suka share fage. Tawagar farko ta Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'adu Abubakar ta koma ba ta ga Janar Tiani ba. Ran 12 ga Agusta, 2023, malamai a ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau suka isa Yamai, aka karɓe su, suka komo da labarin cewa Janar ya ba da haƙuri a kan yadda aka yi wa tawagar farko, ya kuma koka cewa an ba su wa'adi ba a ji ta bakinsu ba. Malaman ba su da soja ba su da baitulmali. Abin da suka iya shi ne ba kowane ɓangare damar sassautowa ba tare da an gan shi yana durƙusa wa abokin faɗansa ba, kuma sau da yawa wannan ne kaɗai aikin mai shiga tsakani.

Amma fa masu cewa ciki ne ya yi magana suna da gaskiya a wuri ɗaya. Malaman fiƙihu sun sa wa sulhu iyaka, watau ba a yin sa a kan tauye haƙƙin wani wanda ba ya wurin. An buɗe iyaka alhali mutumin da aka yi rigimar dominsa yana tsare tare da matarsa, ba a yanke masa hukunci a gaban alƙali ba. Buɗe hanya daidai ne, domin ba a gyara zalunci guda da yunwar miliyoyi. Yin shiru a kan tsararre don kada ciniki ya sake tsayawa kuwa wani abu ne dabam, kuma nan ne kasuwa take iya saye bakin mutum. Maƙwabcin da ya mai da wuta yana da bakin da zai ci gaba da tambaya, a asirce ko a sarari, har ya fi wanda ya yanke ta samun mai saurare.

Ɗaya ɓangaren ma akwai nasa nauyi. A Disamba 2024 Janar Tiani ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa, Nijeriya ta musanta. Wanda ya yi da'awa shi ake nema da hujja, ko talaka ne ko shugaba, kuma tuhumar da aka yi a gidan talabijin ta fi wuyar janyewa bisa wadda aka yi a ɗaki. A Janairu 2025 fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, abin da ya nuna buɗe iyaka bai mai da amana ba. Duk da haka, a Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi magana a kan tsaron iyaka da ciniki da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, suka kuma amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971.