Sabon Mudun Makaranta da Hakkin Iyaye

Idan za a sake mudu a kasuwa, ba a yi a ɓoye. A kan yi shela domin mai saye da mai sayarwa duka su sani, gama in ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, ciniki ya zama cuta. Makaranta ma tana da nata mudun, watau abin da aka ƙayyade yaro zai sani, da abin da zai iya yi, kafin ya wuce daga wannan aji zuwa wancan. Shi ne malamai su ke kira manhaja. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta sake wannan mudu, ta ce a soma aiki da sabon. To, 'yan'uwa, ga tambayar da mu ke so mu duba tare: wane hakki ya ke kan uba da uwa game da mudun da ba su ne suka sassaƙa ba?

Bari mu fara da abin da aka sake. An rage yawan darussa, gama an ga kaya ya yi wa yara nauyi. 'Yan aji 1 zuwa 3 na firamare darussa 9 ko 10 ne nasu, 'yan ƙaramar sakandare kuwa 12 zuwa 14. An komo da Tarihin Nijeriya, ya zama tilas tun daga aji 1 har ƙarshen ƙaramar sakandare. An kuma ware sana'o'i 6 waɗanda ɗalibi zai zaɓa daga ciki: noma da aikin lambu, kiwon dabbobi, ɗinki, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da haɗa wutar sola.

Wani dattijo zai ce, ai mun ga irin wannan. Gaskiyarsa. A 1976 aka buɗe firamare kyauta ga kowa, a 1999 aka kawo shirin UBE, a 2008 aka fito da manhajar shekara 9, a 2014 aka soma aiki da gyararriyarta. A 2022 aka ce a koyar da yaro da harshen gidansu duk shekarun firamare 6, a 2025 kuma aka janye wannan magana aka tsaya a kan Turanci. Mutumin da ya ga an sake abu sau da yawa haka, ba abin mamaki ba ne in ya ɗage kafaɗa ya ce, na kai yaro, sauran na malam ne, gobe ma za su sake. Ba mu raina wannan gajiya ba. Amma sai a ajiye ta kusa da wani lissafi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yara masu shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ya ke iya karanta gajeren labari ya gane shi. Da yawa cikin sauran ukun suna zuwa makaranta kowace safiya, da riga da jaka.

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su kai ɗansu makaranta, su kuma ga ya gama. Wanda ya ƙi, karo na fari a tsawata masa, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan wannan Naira 5,000 ko wata biyu. Iyakar abin da doka ta iya ke nan. Tana iya kai jikin yaro aji, amma ba alƙalin da zai ci uba tara domin bai taɓa tambayar ɗansa abin da ya koya ba. Wannan sashe lamiri ne kaɗai ya ke tsaronsa.

A ganinmu amsar tambayar tana nan: bashin da ke kan iyaye ba na Ma'aikatar Ilmi ba ne, na yaron ne. Minista ya kan zo ya tafi, manhaja ta kan zo ta tafi, amma yaro sau ɗaya ya ke shekara bakwai. In ya wuce aji 3 bai iya karatu ba, aji 4 ba ya jiransa, gama daga nan kowane darasi ta wurin karatu a ke shiga cikinsa. Da wannan mudu za a auna shi ran jarrabawa, ko ubansa ya yarda da mudun ko bai yarda ba. Uban da ya yi fushi da gwamnati ya janye hannunsa, wa ya hora? Ba minista ba. Saboda haka mutum yana iya ganin kuskure cikin sabon tsari, ya faɗa a fili wurin taron iyaye da malamai, duk da haka da dare ya zauna ya saurari ɗansa yana karatu. Waɗannan biyu ba sa gaba da juna.

Amma akwai wani haɗari ta ɗaya gefen, ya kamata mu daɗe a kansa kaɗan. Sa'ad da a ke cewa iyaye su taimaka, sau da yawa abin da a ke nufi shi ne iyaye su zama malamai na biyu, su kuma buɗe aljihu. Wata ƙasa ta riga mu bin wannan hanya, watau Kenya. Daga 2017 ta soma barin tsarinta na 8-4-4, wanda ta ke bi tun 1985, ta ɗauki sabuwar manhaja mai auna abin da yaro ya iya yi da hannunsa da hankalinsa. Cikin ginshiƙan tsarin har an rubuta sa hannun iyaye. Nufin mai kyau ne. Amma da aka zo aiki, sai iyaye suka yi ta kuka cewa aikin gida ya zama nasu: a nemo hoto a intanet, a buga shi a takarda, a sayo kaza da kaza kafin gobe. A 2021 wata uwa, lauya, ta kai maganar babbar kotu. A 2022 Shugaba William Ruto ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Raphael Munavu domin ya sake duba tsarin, rahoton da ya miƙa a 2023 kuwa ya ba da shawara a rage darussa.

Abin lura a nan ba tsadar kaɗai ba ce. In makaranta ta ba da aikin da sai mai babbar waya da kuɗin intanet zai iya, ran da malam ya ba da maki, ba yaro ya auna ba, gidan ubansa ya auna. Ɗan ma'aikaci ya hau, ɗan gwauruwa ya sauka, a rubuta a kati wai wannan mai ƙoƙari ne wancan malalaci. Wannan shaidar zur ce, ko da ba wanda ya yi nufinta. Makaranta an kafa ta ne domin ɗan talaka ya sami abin da babu a gidansu. In ta juya ta ce sai ya kawo shi daga gida, me ya rage na amfaninta? Don haka duk malamin da zai aika aiki gida, ya fara tuna da gidan da ya fi kowane talauci a ajinsa.

To, mene ne kowane gida ya ke iya bayarwa, har gidan da ba mai karatu? Na fari lokaci. Yaron da ya ke rasa makaranta kowace ranar kasuwa saboda talla ya rasa kwana ɗaya cikin biyar, wanda kuma a ke cire shi duk lokacin girbi ya kan komo ya tarar an yi nisa. Mun san ba don mugunta iyaye su ke yin haka ba, tuwon dare ne ya ke tilasta wa waɗansu. Amma akwai gidajen da al'ada ce kawai, ba yunwa ba, nauyin kuwa ya fi faɗa wa 'ya mace. Sa'an nan fitila da wuri: rabin awa bayan cin abinci, a rage rediyo, kada a aiki yaron.

Sai kunne. Uwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba tana iya cewa, karanta mini, sa'an nan rufe littafin ka gaya mini da Hausa abin da ya ce. In ya iya, ya gane. In sai maimaita Turancin ya ke yi kamar aku, ta gano abin da katin sakamako bai gaya mata ba. Ita ce kuma ta ke iya ba shi Naira 500 ta ce ya sayo gishiri da ashana, ya faɗi canjin tun bai fita ba.

Ga wani abu kuma da sabuwar manhaja ta kawo, wanda mu ke gani ba a yi maganarsa sosai ba. Da can yawancin abin da makaranta ta ke koyarwa baƙo ne ga uban da bai shiga aji ba. Yanzu kiwo darasi ne, lambu darasi ne, ɗinki darasi ne. Manomin da ya yi shekara talatin yana gane akuya marar lafiya tun daga tafiyarta, a wannan fanni ya fi malamai da yawa sani. Telan unguwa yana da keke, makarantu da yawa kuwa ba su da ko ɗaya. Haka Tarihi: kakar da ta san inda mutanen garin suka fito, da dalilin da ya sa suka sauko daga dutse, da shekarar da aka yi fara, littafi ce wanda ba a buga ba. Hedimasta mai hikima zai gayyaci irin waɗannan su tsaya gaban aji. Yaron da ya ga an ba ubansa alli da kujera ba zai ƙara tsammani ilmi da gidansu abokan gaba ne ba.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa in ba a yi shela ba. Nan ne bashin makaranta ya ke. Ba ya isa a kira taro a karanta takardar gwamnati da Turanci, a ƙare da maganar kuɗin gyaran rufi. Iyaye suna da iko a gaya musu da harshen da su ke ji, cikin magana uku ko huɗu, abin da ɗan aji 2 zai iya a ƙarshen shekara: irin labarin da zai karanta, da iyakar lissafin da zai yi. Kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye maza da mata su ke da kujeru a ciki, aikinsa ke nan tun kafin maganar siminti. Kada kuma a manta malamin kansa sabon abu aka miƙa masa, wani ma bai ga littafin ba tukuna. A tambaye shi da ladabi, amma a tambaye shi.

Ku da ku ke karanta wannan shafi, kuna da abin da maƙwabta da yawa ba su da shi. A unguwarku akwai uwar da a ke kawo mata katin sakamako ta juya shi sama da ƙasa, ta ajiye a ƙarƙashin tabarma. Ku karanta mata shi, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. Ran taron makaranta ku tafi tare, ku zauna kusa da ita, ku sa ta yi wa malam tambayoyi da bakinta: Me yarona zai iya kafin hutu? Ina ya tsaya yanzu? Me zan yi masa a gida wanda ba ya bukatar kuɗi? In malam ya amsa da Turanci, ku juya mata da Hausa. Bayan wata guda ku koma ku sake tambaya.