Lambar Sirri Ma Ajiya Ce

Kiran yakan zo da sallama cikakkiya. Mai kiran ya san sunan wanda ya kira, ya san zauren WhatsApp ɗin da yake ciki, na tsofaffin ɗalibai ne ko na kwamitin masallacin unguwa. Sai ya ce za a yi taro ta intanet bayan isha'i, an tura wa kowa lambar shiga, a taimaka a karanto masa don ya sa suna a rajista. Da gaske kuwa ga lambobi shida sun shigo waya. Abin da mai wayar bai sani ba, WhatsApp ne ya turo su, domin wani can ya sa lambarsa a wata wayar yana neman buɗe asusunsa. Yana gama karantowa, asusun ya bar hannunsa. Kafin la'asar dangi da abokai sun fara samun saƙo da sunansa da hotonsa: wai ya zuba naira dubu 50 a wani kamfani, cikin awa biyu aka dawo masa da dubu 100, ga lambar asusun da za a tura.

Ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta ga sunan yayanta, ta tura kuɗin adashinta. Alhakin wa? Na ɓarawo ne, wannan ba ya bukatar fatawa. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko mai asusun ya fita fes da zarar ya ce ƙaddara ce.

Zambar "zuba kaɗan ka kwashi da yawa" ta daɗe a Najeriya. MMM, wadda Sergei Mavrodi ɗan ƙasar Rasha ya kafa, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kuma rufe asusun mutane a Disambar 2016. Hukumar NDIC ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 aka sake maimaitawa da CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 alhali ba ta da rajista da hukumar SEC, har fusatattun mutane suka far wa ofishinta a Ibadan. Waɗannan kuɗin aljihu suka kwashe. Sabon salon ya fi su illa, domin mabuɗin yake nema: lambar sirrin Facebook, lambobin jikin katin ATM, BVN ɗin da Babban Banki ya ɓullo da shi a 2014, NIN, da lambar nan ta ɗan lokaci da banki ke turowa kafin kuɗi su fita. Tun lokacin korona a 2020 shafukan bogi suka yawaita, na tallafin gwamnati, na ɗaukar aikin N-Power, na kyautar data. Akwai kuma na "aiki daga gida", inda ake biyan mutum 'yan kuɗi kaɗan don ya danna alamar so a bidiyo, a ja shi zauren Telegram, sai ya saki jiki a ce ya shigar da bayanan bankinsa domin a biya shi babban kaso.

Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani kan ajiya, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya ratsa ta wannan babi. Ƙa'idar a taƙaice ita ce wanda aka ba wa ajiya amintacce ne, idan ta salwanta ba da laifinsa ba, ba ya biya. Amma idan ya yi sakaci, ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa, lamuni ya hau kansa. Mutane da yawa na ɗaukar lambar sirri a matsayin kayansu na kansu, wanda in sun ga dama su bayar. Asusun mutum kuwa cike yake da kayan wasu. Akwai lambobin mutane ɗaruruwa, akwai hoton da matar aboki ta turo ranar suna, akwai hirar da wani ya yi a asirce yana neman rance. Sama da duka akwai yardar da jama'a suka yi wa sunansa, wadda ya shekara da shekaru yana tarawa. Ita ɓarawon yake so, don ya san babu mai tura wa baƙo kuɗi, amma liman ko malamar Islamiyya in suka ce abu gaskiya ne, an gama magana. Shi ya sa ake kiran abin zamba cikin aminci.

Wannan ba ya nufin a ɗora wa wanda aka yaudara biyan abin da ɓarawo ya ci. Hukunci irin wannan na alƙalai ne, kuma yaudarar kan zo da ƙwarewar da har ma'aikacin banki ta kan kayar. Haka nan zalunci ne a ce duk wanda ya faɗa kwaɗayi ne ya ja shi. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Magidancin da ya danna shafin "tallafi" sau da yawa kuɗin awo yake nema. Amma tsakanin lamuni a gaban alƙali da wanke kai gaba ɗaya akwai fili mai faɗi, kuma a nan maganar ƙaddara take shigowa ba a muhallinta ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta kuma ya dogara ga Allah. Ɗaurin a yau ba ya cin minti biyar. WhatsApp da Facebook duk suna da matakin tsaro na biyu, wanda in an kunna shi, lambobin da aka karanto wa ɓarawo kaɗai ba za su ishe shi ba. Banki ba ya kiran kowa ya tambayi lambar sirrinsa. Shafukan gwamnatin tarayya da .gov.ng suke ƙarewa. Wanda aka gaya masa waɗannan ya yi ko oho, sannan abin ya auku, imani da ƙaddara zai sanyaya masa zuciya, amma ba zai mayar da sakacin ya zama tawakkali ba.

Sai masu turawa. Yawancin shafukan nan ba sa buɗe wa mutum "kyautarsa" sai ya tura saƙon zuwa zauruka da dama, kuma ta haka suke yaɗuwa ba tare da ɓarawon ya kashe ko kwabo ba. Mai turawar yakan ce shi alheri ya nufa, ko Allah zai sa wani ya dace. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, dalilin da ta bayar kuwa shi ne kada a cutar da wasu mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wannan umarni. Rubuta "yadda na gani haka na turo" a ƙasan saƙo ma ba ya ɗauke shi.

Abin da ya fi ciwo shi ne shirun da kan biyo baya. Kunya kan sa wanda aka ƙwace wa asusu ya ɓoye, yana fatan ya dawo da shi ba wanda ya ji. A WhatsApp, sake yin rajista da layinsa yakan kori ɓarawon, amma idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar tsaron, sai an jira kwana 7. A wannan tsakanin duk sa'ar da ya yi shiru wani ne ke tura kuɗi da sunansa. Kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, sanar da shugabannin zauruka, da garzayawa banki a toshe kati, wajibi ne da ya fi kare mutunci nauyi. Jama'a ma na da nasu: muddin ana yi wa wanda aka damfara dariya a majalisa, na gaba zai ɓoye nasa.

Akwai rukuni na ƙarshe da uzurin yaudara bai shafe su ba. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bin mutane suna sayen bayanan NIN da BVN a kan kuɗin da bai wuce na cefanen yini ba, ana buɗe asusu da su domin karɓar kuɗin zamba. Wasu kuma asusunsu na banki suke bayarwa haya, a turo kuɗi su cire su miƙa, a ba su la'ada. Mai yin haka yakan ce shi bai saci na kowa ba, bai ma san daga ina kuɗin suke ba. Rashin sanin nan da gangan ne, domin babu mai sana'ar halal da ke bukatar sunan wani kafin ya karɓi kuɗinsa. Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo da zalunci tun a ayarta ta 2. Ranar da wanda aka cuta ya kai ƙara kuma, banki sunan mai asusu zai miƙa wa masu bincike, da hotonsa da adireshin gidan iyayensa, shi kuwa wanda ya ba shi la'adar ko sunansa na gaskiya bai taɓa faɗa masa ba.