Ramin da Babu Wanda Ya Haƙa

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya fara ja da baya, masu gyaran ƙafar mota a Kano sai su shiga kakarsu. Manomi yana jiran gero ya nuna, su kuma mu suke jira. Ni a Gyadi-Gyadi nake zaune, bayan Court Road, wurin aikina kuma yana Tarauni, ba nisa da kasuwa. Tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma ƙananan titunan da nake ratsawa kafin in hau babbar kwalta sun ishi tsohuwar Corolla ɗina wahala. Daga Satumba zuwa Oktoba ba na rasa zama a kan benci a garejin wani dattijon bakanike da ke kusa da mu, ina kallon motata a ɗage kan jak.

Ramin titi ba ya faɗowa daga sama. Kwalta fata ce kawai, ƙarfin titi yana cikin marmarar da aka daddaɓe a ƙarƙashinta. Idan kwaltar ta tsage, ko da tsagar ba ta wuce kaurin tsinke ba, ruwa zai shiga ya jiƙa marmarar ta yi laushi. Kowace taya da ta bi ta kai sai ta danna ruwan ciki, ya fito da ƙasa kaɗan. A hankali ƙarƙashin ya zama kogo, kwaltar ta rasa abin da za ta dogara a kai, ta fashe. Daga nan kuma bakin ramin yana gutsurewa da kowace mota. Abin da ya fara kamar faifai a Yuli, kafin ƙarshen damina ya isa akuya ta kwanta a ciki.

Abin da ramin ke yi wa mota shi ma ba a rana ɗaya yake yi ba. Idan taya ta faɗa, bakin ramin yana matse gefenta a jikin wili, zaren da ke cikin robar ya tsinke, sai bayan kwana biyu ka ga ƙulu ya fito. Ƙarfin dukan ya wuce zuwa shok, wanda aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da tsalle. Idan ya sha duka ya gaji sai ya fara zubar da mai, motar ta riƙa rausaya, tayar ba ta kama ƙasa sosai, birki ma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da kai. Tayirod, wato sandar da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya, idan ya ɗan lanƙwashe sai ka ga sitiyarin ya karkace alhali kana tafiya miƙe, motar tana ja gefe ɗaya, taya tana cinyewa ta baki guda. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bol-join. Dattijon ya taɓa ciro nawa ya ɗora mini a tafin hannu: wani ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, yana juyawa a cikin kwasfa, an rufe shi da 'yar roba mai riƙe giris. Robar ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya zauna. Ya kaɗa shi da yatsa, yana ƙwas-ƙwas. Ya ce, "Malam, wannan abin da kake gani shi ke riƙe da tayarka. Ranar da ya gaji, ba sallama zai yi maka ba."

Duk mai bin titin Zariya ya taɓa ganin wannan ranar a kan wani. Mota ta durƙusa a tsakiyar hanya, tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashinta, direba ya fito yana riƙe da kai. Sau da yawa a wurin da ta durƙusa babu rami ko ɗaya, kwalta ce sumul. Jama'a su taru, a tura ta gefe, a ce tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri. Idan an yi rashin sa'a motar na gudu, asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa.

Tambayar da ke damuna a kan wannan bencin ita ce: wannan ɓarnar ta wace ce? Ba ina nufin wa zai biya bakanike ba, wannan na san ni ne. Ina nufin, a littafin wa za a rubuta ta?

Ba na cikin masu jin haushi idan an ambaci ƙaddara. Mutumin da motarsa ta durƙusa da iyalinsa a ciki ba lacca yake buƙata ba a wannan lokacin, kuma gaskiya aka faɗa masa: abin da ya same shi bai kasance zai kuskure masa ba. Amma wannan magana ce ta sanyaya zuciya bayan abu ya auku. Ba a saukar da ita don ta rufe bincike ba. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, kuma bai ga cewa ya fita daga ƙaddara ba don ya guji sababin cuta. Wanda ya yarda da ƙaddara ya fi kowa sanin cewa ana tambayar bayi abin da hannayensu suka aikata.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin ramin hanya. A cikin Muwaɗɗa, wadda ake karantawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni, Imamu Malik ya yi bayanin wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, ko ya ɗaure dabba a wurin. Idan ya yi abin da bai halatta ya yi a hanya ba, to duk wanda ya ji ciwo ta dalilinsa, lamuni yana kansa. Idan kuwa abin da ya halatta ne, kamar ramin da aka haƙa don ruwan sama, babu lamuni. Daga baya Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya tsara dalilan lamuni, ya bambanta wanda ya yi ɓarna kai tsaye da wanda ya zama sanadinta. Misalin da ake bayarwa sananne ne: wani ya haƙa rami, wani ya tura mutum ciki, to mai turawar ake fara kamawa.

Hukunci ne mai kyau, sai dai yana buƙatar mahaƙi, mutum ɗaya mai suna da unguwa. Ramin layinmu kuwa babu wanda ya haƙa shi. Na san tarihinsa domin a gabana ya girma. Wani maƙwabci ya yanka kwalta ya ratsa da bututun ruwa zuwa gidansa, ya mayar da ƙasa ya tattake da ƙafa ya tafi. Wani mai shago ya yi dakali ya toshe rabin lambatu da siminti. Yaran gidaje da yawa, da iyayensu suka aika, sun mayar da sauran rabin juji: ledar fiya-wata, ɓawon rake, tsumma. Wani mai gini ya sa aka juye masa tifar yashi a bakin titi, ruwan farko ya kwashe rabi ya cusa a kwalbati. Da ruwa ya rasa hanya sai ya hau titi ya kwana a kan yankan mai bututu. Kafin su duka akwai ɗan kwangilar da ya shimfiɗa kwaltar, da wanda ya duba aikin ya sa hannu. Kai kowanne gaban alƙali shi kaɗai, zai rantse cewa ledarsa ɗaya ba ta karya ƙafar motar kowa ba, kuma bai yi ƙarya ba. Haka ma ramukan za su kare kansu da suna magana, domin babu rami ɗaya da ya kashe bol-join ɗina. Dukan yau ya hau kan na jiya ne.

A nan nake ganin mun yi wa kanmu wata dabara. Abin da alƙali ba zai iya yanke hukunci a kansa ba, sai muka ɗauka ba shi da mai shi. Amma gazawar ta kotu ce. Alƙali mutum ne, shaida biyu yake nema, ba shi da ma'aunin da zai raba karyewar ƙarfe ɗaya tsakanin mutum ɗari. Hisabin da muka yi imani da shi ba shi da wannan matsalar, an gaya mana a Suratu Zalzala cewa har abin da bai wuce ƙwayar zarra ba za a gani. To me zarra take nufi idan ba irin wannan ba? Kisan kai da fashi ba sa buƙatar ma'auni mai laushi haka. Ledar da aka jefa a lambatu ita ke buƙatarsa. Mun saba jin sadaka mai gudana, rijiyar da mutum ya haƙa ladanta ke bin sa kabari. Ban ga dalilin da zai sa lambatun da mutum ya toshe ya daina gudana a kansa ba, muddin motoci na faɗawa.

Sai dai ina tsoron inda wannan maganar ke kaiwa idan aka sake ta, domin "laifinmu ne gaba ɗaya" mafaka ce mai daɗi ga wanda ya fi kowa kaso. Rabon ba daidai yake ba, kuma har injiniyoyi sun auna wani ɓangarensa. A wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an yi ta zagaya manyan motoci a kan tituna ana duba lalacewarsu, aka gano cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima ta fi dubban a-daidaita-sahu cin kwalta. Wanda ya ƙara buhu hamsin don ya rage kuɗin mota ya ci ribarsa shi kaɗai, ya raba asarar ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Sannan akwai wanda aka ba amanar titin, ana biyansa don ita. Titunan garin nan a rabe suke: wasu na tarayya, kamar titin Zariya, waɗanda aka kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da irinsu, wasu na jiha, wasu na ƙaramar hukuma. Kowane titi yana da ofishin da sunansa ke ciki. Masu wa'azi suna yawan kawo labarin Sayyidina Umar yana tsoron a tambaye shi idan alfadari ya yi tuntuɓe a Iraƙi don bai gyara masa hanya ba, mu yi ta kabbara, mu fito daga masallaci mu kewaye ramin ƙofar masallacin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da hanyoyi da kasuwanni cikin aikin shugaba. Tsaga idan an toshe ta da rani aikin ɗan lokaci ne. Wanda ya gan ta, kuɗin na hannunsa, ya bar ta ta shiga damina, ba zan sa shi layi ɗaya da yarinyar da aka aika zubar da shara ba.

Mai mota ma yana da nasa kason. Ƙarfin duka yana ƙaruwa da gudu fiye da yadda muke zato: ninka gudu biyu, ƙarfin da motar ke ɗauke da shi ya ninka huɗu. Kuma ƙafar mota ba ta mutuwa a ɓoye, tana ƙara, tana kaɗa sitiyari. Na zauna a garejin nan wani direban haya ya zo, aka nuna masa bol-join ɗinsa ya gama, aka ce ya je Ƙofar Ruwa ya sayo ko da na Beljiyam ne. Ya ce, "Baba, a dai ɗan bubbuge shi a cusa giris, in na samu kuɗi zan dawo." Dattijon ya ƙi, ya ce ba da hannunsa ba. Direban ya ja motarsa ya tafi neman wanda zai yarda, ya nufi tashar Unguwa Uku inda zai cika ta da fasinja. Na san halin da yake ciki, balas na jiransa da yamma, gida na jiran cefane. Amma mutanen da za su shiga motar ba a yi shawara da su ba.

An ruwaito a Sahihu Muslim cewa imani rassa ne saba'in da wani abu, mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. Akwai kuma labarin mutumin da aka gafarta wa don ya janye reshen ƙaya daga inda mutane ke bi. A unguwarmu waɗanda suka riƙe wannan reshen na imani su ne samarin nan masu shebur da baro, da ke cike rami suna ɗaga wa motoci hannu: "Alhaji, a taimaka wa masu aiki!" Mutane da yawa suna yi musu kallon mabarata, wasu ma na zarginsu da barin aikin rabi don gobe ma a samu na shayi. Zargin bai dame ni ba sosai, wanda ya yi rabi ya fi mu da muka kewaye. Abin da nake dubawa shi ne me suke zubawa. Fasasshen bulo da gutsuren kankare suna da kaifi, suna yanka gefen taya, kuma ramin da aka cika da su ya zama tudu mai duka daga ƙasa, wanda shok ba ya bambanta shi da rami. A ma'aunin Imamu Malik, mai zuba wannan ya kusa zama mahaƙi, ko da niyyarsa fara ce. Idan na ga marmara ce suke zubawa suna daddaɓewa, nakan sauke gilashi in ba su. Idan bulo ne, nakan tsaya in gaya musu su farfasa shi tukuna, wani lokaci su ji, wani lokaci su ce in kawo kuɗin guduma.