Jimiri: Abin da Masu Fito a Gulbin Rima Suka Sani

Karatu: Markus 6:45-52, Yunusa 1:1-16



Akwai wata tambaya da masu bi da yawa ke ɗauke da ita a zuci, amma kunya ba ta barin su furta ta a lokacin ba da shaida. Tambayar ita ce: idan na rage gudu, na ja da baya ke nan a bangaskiya? Wataƙila kai ne ka buɗe shekara da azumin kwana 21, ba ka fashin kwanan addu'a, kai ne a ƙungiyar mawaƙa, kai ne a fita bishara. Yau ga shi ko Littafi Mai Tsarki ka buɗe, barci ke kwashe ka. Zuciyarka tana ce maka wutarka ta mutu. Kafin ka yanke wa kanka hukunci, zo mu sauka bakin gulbi.

Duk wanda ya zauna a ƙasar Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, ya san yadda Gulbin Rima yake idan ya kawo ruwa a watan Agusta. Mutanen Boyekai da ƙauyukan da ke kewaye sun san cewa a irin wannan lokaci akwai wuraren da ba a isa sai da kwalekwale. Ka tsaya a gaɓa ka lura da mutum biyu. Na farko saurayi ne, ƙirji a buɗe, yana sarar ruwa da filafili kamar mai faskare. Ruwa na fantsama, fasinjoji na yaba ƙarfinsa. Kafin ya kai tsakiya, inda ruwan ya fi gudu, numfashinsa ya sarƙe, damtsensa ya ɗauki zafi, ruwa kuma ya fara jan jirgin zuwa inda bai nufa ba. Na biyu dattijo ne. Yana tsoma filafili a natse, ya ja da dukan jikinsa, ya bar jirgi ya sulala, sannan ya sake tsomawa. Ba ya fuskantar ruwa kai tsaye, yakan ɗan hau sama tukuna don ya san ruwan zai gangaro da shi. Har yana hira da fasinja. Da yamma, bayan sawu da yawa, shi ne har yanzu yake kan ruwa.

A cikin su biyun, wa ya fi son aikinsa? Ba mai iya cewa saurayin ya fi. Dattijon ya san abin da saurayin bai riga ya koya ba: ƙarfin da ke jikin mutum awo ne aka auna masa, gulbi kuwa ba ya gajiya.

Masu wasan tseren jirgi a ƙasashen waje sun gano wannan gaskiya ta wata hanya. A wuraren motsa jiki na manyan birane akwai wata na'ura da ake zama a kai, a tokare ƙafa, a ja igiya, kamar ana tuƙa jirgi a cikin ɗaki. Tseren da aka saba yi a kanta mita 2,000 ne, daidai da na gasar Olamfik, gwanaye kuma sukan gama shi cikin minti shida ko bakwai. Amma yawancin horon da suke yi ba da gudu ba ne. Sukan zauna awa guda ko fiye suna ja a hankali, kamar sau 18 zuwa 22 a minti, a gwargwadon da mutum zai iya magana ba tare da haki ba. Masu koyarwa suna gargaɗin sabon shiga kada ya dogara ga hannu, gama mafi yawan ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa, sannan baya, hannu ne na ƙarshe. Suna kuma ƙara tsawon zaman kaɗan kaɗan, mako bayan mako. Da haka zuciya ke ƙarfi, numfashi ya zurfafa. Wanda ya ce sai ya ƙure kansa kowace rana, rauni ne ko ƙosawa ke sauke shi.

Ka lura da abu guda game da wannan na'ura. Mutum zai yi awa guda yana gumi a kanta, ya tashi a daidai inda ya zauna, ko taku ɗaya bai matsa ba. Mai kallo zai ce wahalar banza ce. Amma ɗakin ne bai motsa ba, mutumin ya canza. Shin ba haka shekarun da ka yi kana addu'a a kan abu guda suke ba? Mijin bai tuba ba tukuna, aikin bai samu ba, haihuwar ba ta zo ba. Kana ganin kana nan inda kake. Ubangiji kuwa yana ganin zuciyar da ta iya ɗaukar abin da a da zai karya ta.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Bayan Yesu ya ciyar da mutum 5,000, shi da kansa ne ya sa almajiransa su shiga jirgi su haye zuwa Betsaida, shi kuma ya hau dutse yin addu'a. Tekun Galili ba babba ba ne, tsawonsa kamar kilomita 21, faɗinsa kamar 13. A cikin jirgin akwai Bitrus da Andarawus da Yakubu da Yohanna, masunta da suka girma a kan wannan ruwa. Duk da haka iska ta taso musu ta gaba. Sun tashi da yamma, Yesu bai zo wurinsu ba sai a tsaro na huɗu na dare, wato tsakanin ƙarfe 3 da ƙarfe 6 na asuba. Yohanna ya nuna mana cewa duk tuƙin da suka yi bai wuce kimanin kilomita biyar ba. Dare kusan guda, tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci.

Abu uku nake so ka riƙe daga nan. Na farko, biyayya ce ta kai su cikin iskar. Ba zunubi suka yi ba. Saboda haka kada ka bar kowa ya gaya maka cewa duk wahalar da ta daɗe alama ce ta ɓoyayyen laifi ko ƙarancin bangaskiya. Na biyu, Markus ya gaya mana Yesu yana ganinsu suna fama, tun kafin su gan shi. Na uku, da ya zo, a kan hanya ya same su, suna tuƙi. Ba su da ikon tsawata wa iska, amma suna da ikon sake tsoma filafili sau ɗaya. Abin da ke hannunsu ke nan, shi suka yi.

Mu da muke ƙaunar wutar Ruhu Mai Tsarki, muna son shaidar nan-take, kuma gaskiya ne Allahnmu yana aikata abu farat ɗaya. Amma Ruhun da ke ba da baye-baye shi ne ke ba da 'ya'ya, a cikin 'ya'yan nan kuwa akwai haƙuri da kamunkai. Ɗan itace ba ya nuna a dare ɗaya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

To, amma akwai wata tambaya mai wuya da bai kamata mu kauce mata ba. Shin duk nacewa jimiri ne? A'a. A littafin Yunusa ma akwai masu tuƙi. Da hadari ya taso musu, sun zubar da kaya, sun yi iyakar ƙoƙarinsu su mai da jirgin gaɓa, suka kasa. Ƙarfinsu bai gaza na almajirai ba, niyyarsu ma mai kyau ce, don ba su so su jefa mutum a teku. Bambancin shi ne jirginsu yana ɗauke da wanda aka aika Nineba ya nufi Tarshish. Da sun shekara suna tuƙi, da ba su isa ba.

Saboda haka idan iska ta daɗe tana gāba da kai, ka yi wa kanka tambaya biyu a gaban Ubangiji. Wa ya aike ni wannan hanya? Me kuma na ɗauko a jirgina? Akwai wanda yake cewa yana jimrewa, alhali girman kai ne ya hana shi komawa ya nemi gafara. Akwai wadda ake duka a gidan aure har ranta na cikin haɗari, tana tsammani shirunta ne bangaskiya. 'Yar'uwata, wannan ba shi ne jimirin da Allah yake nema a gare ki ba. Ki yi magana da fasto da dattawa da danginki, ki nemi inda za ki tsira. Akwai kuma mai ciwon da ya ƙi zuwa asibiti don kada a ce bai gaskata ba. Jimiri na gaskiya yana jin shawara, taurin kai ne ba ya ji.

Maganar kaya kuwa, mutanen yankin nan ba sa bukatar dogon bayani. A watan Agustan 2025 wani kwalekwale ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, gidaje da yawa suka shiga makoki. Allah ya ta'azantar da duk waɗanda abin ya shafa, maƙwabtanmu ne, baƙin cikinsu namu ne. Hukumomi sun sha ambaton yawan lodi a cikin abubuwan da ke jawo irin wannan haɗari. Kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka, komai gwanintar matuƙinsa. Haka kai ma. Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gaya masa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, Musa kuma ya ji, ya raba aikin. Idan Musa ya sauke wani kaya bai yi zunubi ba, kai ma ba za ka yi ba.

Yaya za ka gina irin wannan jimiri? Dubi madatsar ruwa ta Goronyo. An kammala gina ta a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 na awon cuku. Da damina take tarawa, da rani ta riƙa saki da awo, har masu albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamu su samu, birnin Sakkwato ma ya sha. Da za a buɗe ta gaba ɗaya a rana guda, ɓarna za ta yi, rani kuma ya same ta a bushe. A 2018 an ga yadda ruwanta ya ja baya ƙwarai, hankalin jama'a ya tashi. Abin da ke bayarwa kullum ba ya karɓa, ƙarshensa ke nan.

Saboda haka ka fara da abin da za ka iya maimaitawa gobe. Minti 15 na addu'a kowace safiya har shekara ya fi kwana uku na kuka da wata uku na shiru. Idan ya zauna maka, ka ƙara kaɗan. Ka ci abinci, ka yi barci. Da Iliya ya gudu daga Yezebel ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Da Manzo Bulus yake cikin jirgin da hadari ya kaɗa har dare 14, ya roƙi mutum 276 da ke ciki su ci abinci domin su tsira. Kada kuma ka yi tuƙi kai kaɗai. Masu haye Tekun Atilantika da jirgin tuƙi, daga tsibiran Kanari zuwa Antiguwa, tafiyar kimanin kilomita 4,800, sukan yi karɓa-karɓa, awa biyu tuƙi, awa biyu hutu, dare da rana har fiye da wata guda. Ikkilisiya ke nan. Ranar da hannunka ya mutu, ka miƙa wa ɗan'uwa filafili, ranar da nasa ya mutu ka karɓa.

Na san kwanakin nan ba masu sauƙi ba ne. Wasunku sun bar gonakinsu saboda rashin tsaro, wasu suna kwana da kunne ɗaya a buɗe, wasu 'yan kaɗan ne ke taruwa ranar Lahadi a garin da suke. Ba zan ce maka iska za ta kwanta gobe ba, gama ba a ba ni sanin sa'a ba. Abin da na sani shi ne, wanda ya sa ka shiga jirgin yana ganinka, kuma bai taɓa mantawa da jirgi a tsakiyar ruwa ba. Rage gudu ba ja da baya ba ne muddin goshin jirginka yana fuskantar inda aka aike ka. Ka daidaita numfashinka, ka sake tsoma filafili.

Abin tunani: Wane kaya ne kake ɗauke da shi wanda Ubangiji bai ɗora maka ba? Wane ƙaramin abu ne za ka iya yi kowace rana a wannan wata ba tare da fashi ba? Wa za ka gaya wa cewa ka gaji?

Addu'a: Ya Uba na sama, kai ne ka san awon ƙarfina. Ka gafarta mini inda na mai da gaggawa bangaskiya, da inda na mai da taurin kai jimiri. Ka nuna mini kayan da zan sauke da hanyar da zan riƙe. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, in yi aminci yau, in sake yi gobe, har ka zo wurina a kan ruwa. Ka kiyaye masu fito da masunta da matafiya a Gulbin Rima, ka ba ƙasarmu salama. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.