Amanar Jikin Yaro a Wuyan Shugaban Makarantar Reno

Tambayar ko tarbiyya ta tsaya ga hankali kaɗai ko kuwa ta haɗa da jiki tsohuwa ce, kuma a makarantar reno, wato wadda ke karɓar yara kafin su isa shiga firamare, shugaba ne ke amsa ta a aikace ko da bai taɓa furta ta ba, domin shi ke tsara jadawali, shi ke raba kuɗi, shi ne kuma ke yanke hukuncin ko filin bayan azuzuwa zai zauna wurin wasa ko a gina ƙarin aji a kansa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga karatu, saboda hana shi wasa da tsananta masa kan kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya fara neman hanyar guje wa karatun. A wannan fahimta, wasa hutu ne mai yi wa karatu hidima. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa ta Bad Blankenburg suna Kindergarten a 1840, ya zarce nan, inda ya ɗauki wasan kansa a matsayin karatu. Bambancin yana da nauyi, domin shugaban da ya tsaya kan ra'ayin farko zai wadatu da buga ƙararrawar tara, alhali wanda ya ɗauki na biyu dole ne ya horar da malamansa su tsara motsi kamar yadda suke tsara darasin haruffa.

Ƙwarewar motsi iri biyu ce: ta manyan gaɓoɓi, kamar gudu da tsalle da tsayuwa kan ƙafa ɗaya irin ta wasan langa, da kuma ta ƙananan gaɓoɓi, wadda ake gani yayin da yarinya ta cilla tsakuwa sama a wasan carafke, ta kwashi na ƙasa, ta cafe ta kafin ta faɗo. Yatsun da suka ƙware a wannan su ne za su riƙe fensir.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, 60 daga ciki masu sa numfashi ya ƙaru. Wahalar shugaba ita ce iyaye, waɗanda ke biyan kuɗin makaranta, sukan auna ci gaba da shafukan da aka cike da rubutu, ba kuwa a iya sa daidaituwar tsayuwar yaro cikin jaka a kai gida, saboda haka idan jarrabawa ta matso, lokacin wasa ne ake fara yankewa.