Wa ke ɓoye cikin "an"?

Gardamar nan a fada ta soma, wajen shayi na biyu. Wani abokina da baske ta shiga ma jini, wanda ke raba dare yana kallon wasannin jami'o'in Amurka a waya, ya ce mana: "Kun san wani mai kaji ya taɓa sayo ma jami'a koci?" Muka yi dariya. Sai da na bi labarin na ga ba duka ne wasa ba.

Ga yadda abin ya kasance. John Calipari ya yi shekara 15 yana horar da ƴan ƙwallon kwando na jami'ar Kentucky, daga 2009 zuwa 2024, ya kuma ci musu kofin ƙasa a 2012. A watan Maris na 2024 wata ƙaramar jami'a mai suna Oakland ta fitar da su tun zagayen farko, magoya baya suka fara gunaguni. Cikin watan Afrilu sai aka ji ya koma jami'ar Arkansas, da kwangilar shekara 5 da albashin da ya fara daga dala miliyon 7 a shekara. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba; a sefa a lokacin abin ya haura miliyar 4. Wanda ya haɗa zancen kuwa shi ne John Tyson, shugaban kamfanin Tyson Foods mai sana'ar naman kaji, tsohon abokin Calipari, kuma ɗaya daga cikin manyan masu ba jami'ar kuɗi. Ba a ɓoye ba, jaridu sun rubuta, shi kansa kocin ya ambace shi.

Abokina bai ga laifi ba. Ya ce kuɗin mutum ne, garinsu ne, ƙungiyar da yake so ce. Bai saci kome ba, bai kuma kawo ɗan ƙanensa da bai san kan wasa ba, ya kawo ɗaya daga cikin ƙwararrun ƙasar. Gaskiya ne. Kuma in ka duba, zauren da ƙungiyar ke wasa a ciki sunan Bud Walton yake ɗauke da shi, ɗaya daga cikin ƴan'uwa biyun da suka kafa kantunan Walmart, don shi ya zuba kuɗi mai yawa wajen gininsa. In babu irin waɗannan mutane, babu zauren, babu albashin. Ban iya kayar da shi a daren ba, na tafi ɗaki da abin a raina.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, in abu ya gagare ni sai in koma ga kalmomi. Hausa ba ta yarda ta kira kowane bayarwa da suna ɗaya ba. Akwai sadaka, wadda ladanta ke wajen Allah, mai karɓa ba ya bin kowa bashi kuma ba a bin sa. Akwai kyauta, akwai tukuici, akwai gaisuwa da ake kai ma na sama, akwai toshi. Sannan akwai biki irin na iyayenmu mata: ki kawo ma ƙawarki jika biyu ranar sunan ɗanta, ana riƙe da lissafi, ranar naki a maido miki da ƙari. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana nazarin wannan musayar a ƙasar Maraɗi, kafin shi kuma Marcel Mauss ya nuna cewa kyauta kan ɗora ma mai karɓa nauyin ramawa. Iyayenmu ba su jira su ba, su da suka ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

To kuɗin attajirin da ya ba jami'a, mi za mu kira shi? A takarda sunansa taimako, kamar sadaka. A aiki kuwa biki ne, sai dai abin da ake maido mishi ba kuɗi ba ne, murya ce. Kuma nan ne biki ya fi shi mutunci, don a biki kowa ya san ƙa'ida, kowa ya san wa ke bin wa. A nan ba a rubuta ko'ina cewa wanda ya ba da miliyon kaza yana da ta cewa wajen ɗaukar ma'aikaci ba. Ba a rubuta ba, amma kowa na aiki da shi.

Ku lura da kalmar nan tamu ƴar ƙarama, "an". An ɗauki koci. An sallami koci. An samu kuɗi. Aiki ya gudana, mai aikin ya ɓace. A watan Maris na 2021 jami'ar Indiana ta sallami kocinta Archie Miller, kuma sallamar na nufin a biya shi sama da dala miliyon 10. Sanarwar jami'ar ta nuna cewa masu taimako ne suka ɗauki nauyin kuɗin, ba asusun makaranta ba. An faɗi haka ne don a kwantar da hankalin jama'a, ni kuwa nan ne hankalina ya tashi. In da masu kuɗin sun ce a'a, da kocin ya zauna? In amsar i ce, to wa ya sallame shi?

Wannan shi ne abin da na kasa faɗa ma abokina a fada. Ba na cewa attajiri ba ya da ido. Wataƙila ma ya fi daraktan wasanni sanin baske. Abin da ke damuna shi ne iko ya zauna a hannu ɗaya, alhaki ya zauna a wani. Arkansas da Indiana jami'o'in gwamnatin jiha ne. Daraktan wasanni ma'aikaci ne, yana da shugaba, akwai majalisar da ke amincewa da kwangila, ɗan jarida na iya tsare shi da tambaya, in zaɓen ya lalace a kore shi. Attajiri fa? Ba shi da ofis balle a tsige shi. Ba wanda ya zaɓe shi. In abin ya yi kyau a yaba mishi, in ya ɓaci sai ya ce ai shi shawara kawai ya bayar.

Kuma akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, ƴan wasan, waɗanda sa'o'inmu ne, wasu ma ƙannenmu. Duk sanda koci ya tashi, rayuwar yara goma sha wani abu ke girgiza. Lokacin da Calipari ya isa Arkansas kusan babu ɗan wasan da ya rage a ƙungiyar, wasu daga Kentucky kuma suka tattara kayansu suka bi shi. Tun Yuli na 2021 da aka yarda ɗaliban su riƙa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, hannun masu kuɗi ya ƙara tsawo, don yanzu koci ba albashinsa kaɗai yake tambaya ba, yana tambayar nawa za a tara mishi ya jawo ƴan wasa. Wanda zai tara kuɗin nan, kafin a sa hannu a takarda ya riga ya yi magana.

Na san abin da za a ce mini: ai ta yi kyau. A 2025 Arkansas ta kai cikin ƙungiyoyi 16 na ƙarshe a gasar ƙasa, har ta je gidan Kentucky ta ci su. Na ji. Amma nasara ba ta amsa tambayar wa ke da hurumin zaɓe. Hasali ma nasara ce ke sa a daina tambayar, sai ranar da wani attajirin da bai san kome ba ya nemi irin wannan muryar, a rasa bakin hana shi, tunda an saba.

Akwai labari guda da ya fi tsaya mini, ko da yake na ƙwallon Amurka ne mai kama da rugubi, ba baske ba. A Janairun 2011 wani attajiri, Robert Burton, ya rubuta ma jami'ar Connecticut wasiƙa ya ce a maido mishi da dala miliyon 3 da ya bayar, a kuma cire sunan gidansu daga ginin ƙungiyar, don an ɗauki sabon koci, Paul Pasqualoni, ba a saurari ra'ayinsa ba. Mutane da yawa suka zarge shi da girman kai. Ni kuwa walle har na ɗan ji yana burge ni, don shi kaɗai ya fito daga cikin "an" ya faɗi da bakinsa abin da yake ganin ya saya. Daga baya manyan jami'ar suka je suka lallashe shi, ya bar kuɗin, sunan ya zauna a jikin gini. Daraktan wasannin da ya yi faɗa da shi ya bar aiki a cikin shekarar, kocin kuma aka sallame shi a 2013 bayan ya faɗi wasa huɗu a jere.

Da na ba abokina wannan labarin sai ya ce: "Ka gani? Ashe mai kuɗin ne ke da gaskiya." Na ce mishi mai yiwuwa ne, amma da zaɓen nasa aka bi kuma ya lalace, wa za a kora? Ya miƙo mini kofin shayi na uku, ya ce in sha tun bai huce ba.