Wa Ke Kiran Wani, Kai Ko Na'urarka?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ƴan'uwa, duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya ga teburan masu saida kayan lantarki: salula iri-iri, Tecno da Itel da Infinix, agogon hannu mai ƙirga taku, abin saurare na kunne marar igiya, fitila mai caji da rana, da ɗan carbin yatsa mai maɓalli. Mu ɗalibai muna cikin manyan masu sayensu, kuma wasunsu sun yi mana rana. Fitilar nan ita ke riƙe mana karatu idan an ɗauke kuran ana gobe jarrabawa. Salula kuma a cikinta muke ajiye darussa, da ita muke sauraron karatun malamanmu, da ita ɗan Tawa da ke karatu a Yamai yake jin muryar mahaifiyarsa.

Idan aka tayar da maganar illarsu, amsar da aka saba ji ita ce: ai kamar wuƙa ne, mai yanka albasa ya yanka, mai ɓarna ya yi ɓarna. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Wuƙa tana nan inda ka aje ta har sai ka neme ta. Ba ta taɓa yi maka ƙara da tsakar dare ba. Wasu daga cikin na'urorin yau kuwa, tun daga masana'anta aka shirya su don su riƙa kiran mai su.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne wani abin wasa mai suna Tamagotchi, wanda kamfanin Bandai na Japan ya fitar a 1996. Siffar ƙwai gare shi, yana shiga tafin hannu, kuma a ɗan allonsa akwai hoton wata ƴar dabba. Lokaci zuwa lokaci sai ya yi ƙara, wai tana jin yunwa ko ba ta da lafiya, sai mai shi ya latsa maɓalli ya ciyar da ita. In ya yi sakaci, ta mutu. Yara suka riƙa shiga aji da shi, har wasu makarantu suka hana. Abin da ba ya da rai ya mayar da mai rai bawansa, ta hanyar tausayi da tsoron rashi.

Yau wannan dabarar tana aljihun kowa. Ɗan jan ɗigon da ke bisa WhatsApp, da ƙarar shigowar saƙo, da bidiyon TikTok da ke biyo bayan wani ba tare da ka nema ba, duk kira ne. Shafin da ake ja ƙasa ba ya ƙarewa, wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ne aka sani da ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama kan lokacin mutane da abin ya cinye. Littafi yana da bango na ƙarshe, kwanon tuwo yana da gindi, shi kuwa wannan an cire masa wurin tsayawa da gangan.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciya a cikin Ihya'u da tafki. Ruwa na iya shigo masa ta koramu, wato ido da kunne da sauran gaɓɓai, ko kuwa a toshe koramun a haƙa ƙasansa har ruwa mai tsarki ya ɓuɓɓugo daga ciki. Halwa da shiru da zikiri su ne wannan haƙar. To yaya mutum zai yi haƙa alhali koramu na kwarara cikin tafkinsa tun daga farkawa har barci? Da yawanmu abin da ido ke fara gani da asuba allon salula ne, kafin alwala, kafin lazimi. Harshe zai yi istigfari 100, salati 100, hailala 100, lissafi ya cika daidai, amma zuciya tana can wurin saƙon da ta gani.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin da ya kamata murid ya ɗora kowace na'ura a kai shi ne wannan tambaya: ni ke kiranta, ko ita ke kirana? Fitila tana jira. Rediyo yana jira. Carbin yatsa ma yana jira, ba ya ƙara, ba ya neman komai sai ka latsa.

Sai dai ko shi carbin yatsa yana da nasa tarko. Carbin itace idan ka kai ƙarshe sai ka dawo farko, ba ya barin shaida, abin da ka yi ya rage tsakaninka da Ubangijinka. Na lantarki yana tara lamba, yana nuna maka ita, har akwai zoben da ke aika ta cikin salula. Lamba kuwa rai na son ta. Za ka ga mutum yana hira da dariya, babban yatsansa na latsawa, lamba na hawa, zuciya ba ta san abin da ake ciki ba. Wani kuma ya ɗauki hoton adadinsa ya watsa. Haɗa adadin salati a cikin jama'a, musamman a watan Maulidi, abu ne mai ƙarfafa gwiwa, kuma mutane da yawa da kyakkyawar niyya suke yi. Amma kowa ya binciki kansa a lokacin da yake aikawa: so yake a ƙarfafa ƴan'uwa, ko so yake a gan shi? Riya ba ta buƙatar babbar ƙofa.

Akwai kuma haƙƙin wasu a ciki. Ɗalibi ya karɓi kuɗin bursu, ko uba ya saida damman hatsi ya aiko masa, sai ya canza salular da ke aiki lafiya don kawai sabuwa ta fito a hannun abokinsa. Bayan wata biyu daɗin ya gushe, ido ya koma kan wata. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Zuhudu a zamaninmu yana iya zama riƙe tsohuwar salula mai tsagaggen allo har ta daina aiki, ba tare da jin kunyar fito da ita cikin mutane ba.

Ga abin da nake ba kaina da ƴan'uwana shawara. A kashe ƙarar duk saƙon da ba na dole ba, domin mu ne za mu je wurinsa idan mun ga dama. Kada salula ta riga lazimi da safe. Idan za a shiga wazifa, a kashe ta gaba ɗaya, domin ko motsinta cikin aljihu ya isa ya raba mutum da halarar zuciya. Kafin sayen sabon abu, a jinkirta kwana bakwai, in buƙata ce za ta tsaya, in sha'awa ce za ta wuce. Wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa, ya faɗa wa muƙaddaminsa ba ɓoye-ɓoye, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Numfashinmu ƙidayayye ne, kuma za a tambaye mu inda muka kashe shi. Allah Ya sa waɗannan kayayyaki su zauna a hannunmu, kada su shiga zukatanmu. Allah Ya raya zukatanmu da ambatonSa, Ya ƙara wa shehunanmu daraja, Ya jiƙan iyayenmu, albarkar Annabi sallallahu alaihi wa sallama. Amin.